Ɗanyen Lalo da Busasshe: Wanne Ya Fi Amfani a Miya?

Lalo ganye ne da ke tsirowa da kansa a gefen gonaki da fadamu da zarar damina ta kankama. Yana ɗauke da sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin A da C, kuma yauƙinsa yana sauƙaƙa wa mai fama da taurin bayan gida. Sai dai abin da jiki zai samu ya danganta da yadda ganyen ya shiga tukunya.

Ɗanyen lalo shi ne ya fi riƙe bitamin C, wanda ke taimaka wa jiki wajen tsotsar sinadarin ƙarfen da ke cikin ganyen, amma fa sai an wanke shi kafin a yanka, an kuma zuba shi a ƙarshen girki, a sauke tun yana kore shar. Kanwa tana ƙara yauƙi, gaskiya ne, amma tana lalata wannan bitamin, don haka gara a rage ta. Ɗan mai a cikin miyar kuwa yana taimaka wa jiki ya ci moriyar bitamin A.

Busasshen lalo ya yi asarar mafi yawan bitamin C, musamman idan a tsakar rana aka shanya shi har launinsa ya koɗe, amma ƙarfe da kalsiyam suna nan daram, ga shi yana jure ajiya har rani. A ganina, muddin ɗanyen yana samuwa shi ya fi cancanta, wanda za a adana kuwa a shanya shi a inuwa mai iska.