Rubutacciyar waƙa ko waƙar baka: wacce matashi zai kama?

Samari da yawa a nan Sakkwato suna tsayar da ni da wannan tambaya, to ga yadda nake ganin lamarin.

Ta wajen kuɗi, rubutacciya ta fi sauƙi: alƙalami da takarda sun isa. Wahalarta tana cikin ƙa'ida, kiyaye ma'auni da amsa-amo, baiti bayan baiti. Na ga ɗalibi ya kwana yana neman kalma ɗaya da za ta rufe ɗango, wato layi ɗaya na baiti. Waƙar baka kuwa sai da makaɗa da 'yan amshi, kuma kowa sai an sallame shi. Amma ladanta a hannu yake: a wurin biki ake yi maka liƙi nan take.

Haɗarinta shi ne dogaro da ubangida. Ranar da ya juya baya, kasuwa ta mutu.

Wajen ɗorewa, zuciyata tana ga rubutu. Nana Asma'u ta rasu a 1864, har yau ana karanta waƙoƙinta.

Mai murya da ƙarfin halin tsayawa gaban taro, ya bi makaɗa. Mai haƙurin zama da littafi, wanda bai matsu da samu ba, ya riƙe alƙalami.