Sharhi kan kayan lambun buhu da muka gwada da matasa a unguwar Nima ta Accra

Kayan a haɗe ake sayar da su a shagon kayan noma: baƙaƙen buhunan leda masu kauri, ruɓaɓɓen taki, garin ɓawon kwakwa, butar ban ruwa, da iri kala huɗu, wato alefu (alayyahu), ayoyo, latas da tumatir. Mun yi aiki da su tare da samarin da suka bar makaranta, wasunsu suna ƙoƙarin rabuwa da tramadol, da kuma 'yan matan kayayei, masu dakon kaya a ka. A Nima da maƙwabciyarta Maamobi fili ya yi wuya, don haka buhun da za a jera jikin bango ya dace da wurin.

Alefu ne ya biya kuɗin kayan. Yakan tsiro cikin kwana 3 zuwa 5, a fara tsinka bayan mako 3 ko 4. Yaron da ya sha jin ana ce masa ba ya tsinana komai yana bukatar ganin aikin hannunsa da wuri, tun kafin gwiwarsa ta yi sanyi. Ban ruwa safe da yamma yana ba shi dalilin tashi a kan lokaci. Kuma wanda ba zai buɗe baki ba in an zaunar da shi ana kallonsa, sai ka ji ya fara magana yana cire ciyawa. A ba kowa buhunsa da sunansa a jiki, domin na kowa da kowa shi ke fara bushewa.

Takardar bayanin da ta zo da kayan ta gaza a kan ayoyo. Irinsa na da taurin ɓawo, dole a ƙulla shi a ƙyalle, a tsoma cikin ruwan zafi kamar daƙiƙa 10, a shanya a inuwa, sannan a shuka. In ba haka ba sai ya fito ɗai-ɗai, yaro ya ɗauka laifinsa ne. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce ga mai raunin zuciya.

Ramukan buhunan ma sun yi kaɗan. A ƙara huda 8 zuwa 10 a ƙasa da gefe, in ba haka ba ruwan watan Yuni zai kwanta ya ruɓar da saiwa. Garin ɓawon kwakwa yakan zo da gishiri, a jiƙa a tsiyaye sau biyu ko uku. Haɗin da ya yi mana kyau shi ne ƙasa kashi 2, taki 1, ɓawo 1. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi. Baƙar leda tana jan zafi, sai a naɗe ta da kwali.

Latas da tumatir a ajiye su tukuna. Latas yana ɗaci da zafin Accra, tumatir kuma sai an jira wata 2 zuwa 3 ana fama da farin ƙuda.

Kowane buhu yana shan lita 1 zuwa 2 a rana, fiye da haka da hunturu, wato galan Kufuor (babbar jarkar ruwa mai ruwan ɗorawa) ɗaya ya ishi buhu goma. Kada a ɗebi ruwan kwata, ganyen nan miyar tuwo za a yi da shi.

Mai shago zai tallata maka maganin feshi. Kada ka saya, kwalbar guba ba ta zama inda matasa masu damuwa suke. Jiƙaƙƙen ganyen dogonyaro da ɗan sabulu ya isa. Wanda kuma ya daina barci ko yake maganar cutar da kansa, asibiti za a kai shi a ranar, buhunsa wani ya shayar masa.