Gargaɗi ga masu haɗa amfilifaya mai bawul a Kumasi

Assalamu alaikum. Na daɗe ina gyaran rediyo da lasifika a Aboabo, kuma ina so in ja kunnen 'yan'uwa masu wannan sana'a game da wani mutum da ke talla a Facebook da WhatsApp, yana cewa yana da kayan haɗa amfilifaya mai bawul, wato irin ta da mai kwalaben gilashi da ke yin ja idan sun ɗau zafi. Yana da'awar cewa kwali ɗaya ya ƙunshi komai, daga bawul EL34 guda biyu da 12AX7 har zuwa taransifoma da kafasita, kuma wai bawul ɗin na kamfanin Mullard ne na asali daga Ingila.

Yaron shagona ne ya faɗa hannunsa. Ya tara kuɗinsa ya tura sidi 2,800 ta MoMo ba tare da ya shawarce ni ba, aka aiko masa da kwali a mota, ya je tashar Asafo ya karɓo, ya shigo yana murna yana cewa, "Maigida, ga kayan sun iso." Tun da na ɗaga kwalin jikina ya yi sanyi, domin taransifomar da ke miƙa sauti ga lasifika a irin wannan amfilifaya ƙarfe ne da wayar tagulla mai yawa, hannu ɗaya ba ya ɗaukarta da wasa. Da na kwance murfinta sai na tarar da 'yar ƙaramar taransifoma irin ta tsohuwar rediyon kaset, an liƙa ta da gam a cikin babban gwangwani.

Bawul ɗin ne suka fi tona asirinsa. Duk bawul mai lafiya yana da wani tabo mai ƙyalli kamar madubi a cikin gilashinsa, wanda aikinsa shi ne zuƙe ragowar iskar da ta saura a ciki, kuma da zarar gilashin ya tsage iska ta shiga, tabon yakan koma fari kamar alli. Ɗaya daga cikin EL34 ɗin fari fat yake. Ɗayan kuwa na ɗora mita a ƙafa ta 2 da ta 7, inda zaren ɗumama yake, mita ba ta motsa ba, alamar zaren ya tsinke. Na goga babban yatsana a kan tambarin, fenti ya biyo yatsan. Masana'antar Mullard da ke Blackburn ta daina ƙera waɗannan bawul shekaru da dama da suka wuce, kuma nata na gaske suna da ƙananan haruffa da aka zana a jikin gilashi kusa da gindi. Sababbin da ake samu yanzu galibi daga Sulobakiya suke, inda kamfanin JJ yake, ko daga Rasha da Sin, kuma mai gaskiya ba ya jin kunyar faɗin haka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne taransifomar wuta. A ƙarƙashin takardar da aka manna mata an rubuta bolt 120, wato ta Amurka ce, alhali wutarmu a Gana bolt 230 ce. Da yaron ya haɗa ya jona, da zaren da aka yi wa bolt 6.3 ya sha kusan ninki biyu, kafin fiyus ya tsinke ko taransifomar ta kama hayaƙi. Irin wannan amfilifaya tana iya aiki da bolt 400 ko fiye, kuma manyan kafasita suna riƙe wannan wuta ko bayan an cire soket, saboda haka wasa da jabun kaya a nan wasa ne da rai.

Da muka kira mai tallar, sai ya ce yaron ya fara haɗawa tukuna, ya kunna ba tare da lasifika ba don gwaji. Duk wanda ya san aikin ya san cewa saka wa irin wannan amfilifaya sauti babu lasifika yana iya kashe taransifomar sauti, kuma ina ganin so yake a ƙone kayan ya samu bakin cewa laifinmu ne. Bayan haka ya nemi ƙarin sidi 600 na musanya, da muka ƙi sai ya toshe lambobinmu.

Kada kowa ya tura kuɗi kafin ya riƙe kayan a hannunsa, ya ji nauyinsu, ya duba tabon gilashin, ya auna da mitarsa. Idan an gama haɗawa, a fara kunnawa ta cikin kwan fitila mai zare da aka jera a kan layin wuta, domin idan akwai waya da ta haɗu, kwan zai haska sosai maimakon kaya su ƙone. Wanda aka riga aka cuta ya adana saƙon MoMo da hotunan hirar, ya kira 292, layin hukumar tsaron intanet ta ƙasa, kamar yadda muka yi. A makon jiya na sake ganin tallar da wani sabon suna, amma hoton kwalin nan ne dai, har da yagewar da ke gefensa na hagu.