Besubiyo ko Etna ga mai kwana biyu a Italiya

Malam, ka ce taro zai kai ka birnin Rum a watan Maris, kana da rarar kwana biyu, kuma kana son ka ga dutse mai aman wuta da idonka: Besubiyo ko Etna? To, ya danganta da abin da ranka ke so, wutar kanta ko ɓarnar da ta taɓa yi.

Hanya ce za ta fara raba maka gardama. Daga Rum zuwa Nafoli, birnin da ke kusa da Besubiyo, awa ɗaya da 'yan mintoci ne a jirgin ƙasa mai gudu. Can sai ka hau ƙaramin jirgin Circumvesuviana ka sauka Erkolano ko Fomfei, bas ta haura da kai zuwa kusan mita 1,000. Sauran da ƙafa ne, kamar rabin awa kan tsakuwa mai santsi, sai ga ka a bakin ramin. Tsayin dutsen duka mita 1,281. Ka dai yanki tikiti a intanet tun kafin ka taso, don kowa da lokacin shigarsa. Etna kuwa yana tsibirin Sisili, kusa da Kataniya. Jirgin sama za ka bi, in ba haka ba jirgin ƙasa ya cinye maka wuni guda, ko da yake akwai abin kallo a hanyar: a mashigin Masina, tarago-tarago ake shigar da jirgin cikin jirgin ruwa a tsallaka da shi.

Gaskiyar magana, ramin Besubiyo shi kaɗai ba zai girgiza ka ba. Rabonsa da aman wuta tun Maris na 1944. Wawakeken rami ne ja-ja-ja, da ɗan tururi yana fita daga tsagar duwatsu, sai tekun Nafoli shimfiɗe a ƙasa in garin ba hazo. Abin da ke kai mutane yana gindinsa. A shekara ta 79 miladiyya ya binne garuruwan Fomfei da Erkolano, aka fara tono Fomfei a 1748. Yau kana taka titin da har yanzu sawun tayoyin amalanke ke kwance a jikin dutsensa, ka leƙa gidan burodi da duwatsun niƙansa a tsaye. A 1863 masanin kayan tarihi Giuseppe Fiorelli ya fara zuba filasta cikin ramukan da gawawwaki suka bari a toka, siffofin mutanen suka fito yadda ajali ya same su, wani a duƙe, wani ya rufe fuska da hannu. Nan ne kowa ke yin tsit.

Etna wata duniya ce dabam. Tsayinsa ya kai kusan mita 3,400, kuma ba ya tsayawa wuri guda, don kowane amai yana ƙara masa ko ya rage. UNESCO ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2013. Mota na kai ka zangon masu hawa da ake kira Rifugio Sapienza, wajen mita 1,900, inda ramukan Silvestri na aman 1892 suke dab da wurin ajiye motoci. Daga nan keken da ke rataye a waya ya ɗaga ka zuwa mita 2,500, sama da haka kuma sai da ɗan jagora. Ko'ina baƙin dutse ne ƙonanne, ga warin farar wuta. Mutanen Kataniya sun saba share toka daga gilashin mota, filin jirginsu ma akan rufe shi in ta yi yawa. A 1669 narkakken dutsen ya gangaro har ganuwar birnin.

Amma kada hotunan Facebook su ruɗe ka. Ba kullum ake ganin jan wuta ba, kuma ranar da ya tashi da gaske hukuma rufe saman take yi. Ran 2 ga Yunin 2025 ma da gudu masu yawon buɗe ido suka sauko. Ga shi a Maris dusar ƙanƙara na nan a sama. Sanyin Jos a hunturu wasan yara ne a kansa. Iska ta yi ƙarfi, a tsayar da keken, tafiyarka ta tashi a banza.

Da kwana huɗu gare ka, da na ce Etna ba tare da na yi shawara da kowa ba. Da biyu kuwa, ka tafi Nafoli: hau Besubiyo da sassafe kafin cunkoso, ka sauko Erkolano da rana tunda ƙarami ne, washegari ka ba Fomfei wuninta cikakke. Takalmi mai kauri, ban da silifa, da rigar sanyi ko da ƙasa ana rana.