Garejin da ya kwana da motata kafin ya gano warin fetur

Kusan wata biyu na yi ina fama da abu ɗaya. Kullum da safe idan na tayar da mota, kafin in gama ɗaura bel warin ɗanyen fetur ya cika ciki. Wari ne irin wanda kake ji idan ana zuba maka mai a tanki, mai shiga hanci har maƙogwaro. Bayan minti biyar zuwa goma, da inji ya ɗau zafi, sai ya ɓace ɓat, kuma ba zan ƙara jin sa ba har dare ko da na kashe na kunna sau goma. Motar ta haura shekara 15, injinta silinda huɗu ne mai injekta, wato 'yan na'urorin da ke fesa wa inji fetur, kuma ba ta saba ba ni wahala ba. Fitilar gargaɗin inji ba ta kama ba, inda take kwana kuma babu ko ɗigo a ƙasa. Abin da ya hana ni sakewa shi ne da ita nake kai yara makaranta, kuma ƙaramar 'yata ta fara cewa kanta yana ciwo idan muka fita.

Wurare biyu na fara zuwa, duka da rana bayan na taso daga aiki. Na farko ya buɗe bonet, ya sunsuna, ya ce shi bai ji komai ba, ya sa na sayi sabon murfin tanki. Ban ga laifinsa sosai ba, domin idan robar murfin ta tsage tururin mai yakan fita ta nan, kuma shi ne abu mafi sauƙi da ake fara dubawa. Sai dai warin murfi ta baya ake jin sa, ni kuwa ta ramukan iska na gaba yake shigo mini. Na biyun ya canza filogi huɗu, ya ce dama haka mota take yi da safe. Wannan maganar ce ta fi damuna, saboda akwai gaskiya a cikinta, kuma irin gaskiyar da ke sa mutum ya yi sakaci ce.

Ga gaskiyar da ke ciki. Injin fetur da ya yi zafi yana cin iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, bisa nauyi. Idan yana da sanyi fetur ba ya saurin zama tururi, wani ma sai ya manne a bangon hanyar iska, shi ya sa kwamfutar mota take ƙara mai don injin ya tashi ya tsaya. A wannan lokacin sensar da ke auna oksijin a salansa ba ta fara ba da rahoto ba, sai ta kai kusan digiri 300 na zafi a ma'aunin Celsius, haka nan katalis ɗin da ke ƙone ragowar mai ba ya aiki sosai sai ya doshi digiri 250 zuwa 300. Don haka idan ka tsaya a bayan mota da asuba ka ji hayaƙinta ya ɗan yi kaifi na minti ɗaya ko biyu, wannan ba ciwo ba ne. Amma ɗanyen mai da ke shigowa inda mutane ke zaune wata magana ce daban, kuma ba na jin ya dace bakanike ya haɗa biyun ya sallame ka.

Daga nan na sayi 'yar na'urar nan da ake sokawa a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, tana turo bayani a waya. Tsarin OBD-II ke nan, wanda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996. Na ɗauka za ta nuna mini lambar matsala irin P0172, wato mai ya yi wa iska yawa, ko P0442 ko P0455 da ke nuna tururin tanki yana tsiyayewa. Ko ɗaya ba ta nuna ba. Duk da haka ba zan ce kuɗina ya tafi a banza ba. Da safe kafin in kunna, ta nuna mini zafin ruwan inji daidai yake da zafin iskar waje, ke nan sensar ruwa ba ta yi wa kwamfuta ƙarya, ita kuwa sensar idan ta lalace takan sa mota ta yi ta ɗirkar mai kamar kullum cikin sanyi take. Na'urar tana taimaka maka ka cire wasu zato. Abin da ba za ta iya ba shi ne ganin man da ke zuba a waje, don kwamfuta ba ta da ido a wurin.

Gareji na uku, wanda a kansa nake wannan sharhi, wani abokin aikina ne ya kwatanta mini shi. Abin da ya fara burge ni shi ne mai garejin bai taɓa bonet ba sai da ya yi mini tambayoyi. Ta gaba nake jin warin ko ta baya? Idan na rufe iskar waje na mayar da ita tana zagayawa a ciki, yana raguwa? Mota tana daɗewa tana juyi kafin ta tashi? Shan mai ya ƙaru? Bayan na cika tanki ya fi yawa, ko duk ɗaya ne? Na ce ta gaba ne, yana raguwa idan na rufe iska, tana tashi bugu ɗaya, kuma cikar tanki ba ta canza komai.

Ya ce, "Yallaɓai, ciwon da ke zuwa da asuba ba za mu same shi da rana tsaka ba. Ka bar ta ta kwana, ka zo ƙarfe shida, kafin kowa ya taɓa ta."

Na ce, "Malam, ba yadda za a yi a duba yanzu? Gobe ina da kai yara."

Ya ce zai iya dubawa, amma zai zama ƙiyasi ne, kuma ni zan biya kuɗin ƙiyasin. Na bar masa makulli. A gabana ya haɗa agogon auna ƙarfin mai a bututun da ke ciyar da injektoci, ya shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashin inji, ya gargaɗi yaransa kada wanda ya kunna ta.

Washegari na iso gari bai gama wayewa ba. Ya riga ya buɗe ƙofofin garejin duka, ya ajiye tukunyar kashe gobara a gefen ƙafarsa, tocila a hannu. Kwalin a bushe yake. Ya ce in murɗa makulli har fitilu su kama amma kada in tayar. Na ji famfon mai ya yi ƙugi na kamar daƙiƙa biyu daga baya, allurar agogon ta tashi ta tsaya wajen 3.5 a ma'aunin "bar", sannan ta soma sauka a hankali a hankali. Ya yagi farar takardar goge hannu gida huɗu, ya naɗa kowace a wuyan injekta, daidai inda take shiga bututun mai. Ta ɗaya ta fito a bushe, ta biyu haka. Ta uku ta fito da naso kamar an ɗiga mata turare, ya miƙo mini, ban ma kai ta hanci ba na gane warin da ya dame ni wata biyu. Sai ya ce in tayar. Ya haska tocila, muka ga wani siririn zobe na danshi yana ƙyalli a wuyan injektar, yana gangarowa kaɗan ya bushe kafin ya kai ko'ina. Shi ya sa ban taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba. Muka tsaya muna kallo. Kafin minti goma wurin ya bushe ƙayau, ya sake manna takarda ta fito fes.

Bayaninsa gajere ne kuma ya zauna mini. Kowace injekta tana da zoben roba sama da ƙasa. Na sama shi ke tare mai, na ƙasa yana hana iska shiga ta ɓarauniyar hanya. Shekaru na zafi da sanyi suna busar da robar ta yi tauri. Da dare sai ta tsuke ta bar 'yar kafa, da safe famfo ya turo mai da ƙarfi ya tsatso ta nan, idan inji ya yi zafi robar ta ɗan saki ta toshe kafar. Hanyar da iska ke shiga cikin mota kuwa tana gindin gilashin gaba, dab da bayan inji, sai fanka ta zuƙo tururin ta kawo mana.

A nan ne hankalina ya tashi fiye da da. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya ne a lunguna, kuma fetur yana fitar da tururin da zai kama wuta ko a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili. Tartsatsi ɗaya daga tsohuwar wayar filogi ya isa. Roba da ta fara tsatsa da safe kuma ba ta komawa baya, wata rana zafin ma ba zai toshe ta ba.

Abin da ya ƙara masa daraja a idona shi ne bai tsaya a nan ba. Ya ce samun ɓaraka ɗaya ba ya nufin ita kaɗai ce. Ya zare siririn tiyon iska da ke kan na'urar daidaita ƙarfin mai ya duba ko akwai fetur a ciki, don idan fatar cikinta ta fashe mai yakan bi ta nan ya shiga inji. A bushe yake. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya sunsuna, saboda injektar da ke ɗiga ta ciki takan wanke mai zuwa ƙasa ya gauraya da baƙin mai. Ya bi tiyon mai da hannu har tanki. Sannan ya jona injin hayaƙi a hanyar tururin tanki, ya cika ta da farin hayaƙi, muka zagaya muna neman inda zai ɓullo, bai ɓullo ba. A nan ya tambaye ni ko nakan sa a ƙara mai bayan bakin famfo ya tsaya da kansa. Na ce ina yi. Ya nuna mini gwangwanin gawayin da ke riƙe tururin tanki har inji ya zuƙe shi, ya ce don tururi aka yi shi, idan ɗanyen mai ya shiga ya jiƙa gawayin shi ma yakan kawo wari da wuyar tashi. Nawa bai kai ga lalacewa ba, amma na daina.

Gyaran kansa bai ɗau lokaci ba. Ya cire fiyus ɗin famfon mai, ya bar inji ya ci abin da ya rage ya mutu, ya kwance batir, ya rufe wurin da tsumma kafin ya ɗaga bututun. Zobe takwas ya canza gaba ɗaya, ya ce shekarunsu ɗaya, idan ɗaya ya gaji sauran suna hanya. Ya shafa wa sababbin baƙin mai mai tsabta don kada su yage wajen shiga. Ya ɗora mini tsohon zoben injekta ta uku a tafin hannu: ya baje, ya yi tauri kamar robar murfin kwalba, da na lanƙwasa shi sai ya tsage. Ya kuma ja mini kunne kada in yarda a sa mini kowace irin roba don girmanta ya yi daidai, dole ta zama wadda aka yi don fetur, in ba haka ba za ta kumbura ko ta narke.

Inda suka gaza ma zan faɗa. Sai da aka gama aiki ya gaya mini motar za ta sake kwana don a gwada ta da sanyi. Hujjarsa mai kyau ce, na kuma yarda da ita, amma da ya faɗa tun farko da na shirya wa yara wata hanyar ta kwana biyu. Waya ba sa ɗauka sai ka kira sau uku. Ba su rubuta mini komai ba game da abin da suka auna da abin da suka canza, ni na zauna na rubuta a wayata, kuma mai irin wannan ƙwarewa ya kamata ya ba mutum takarda. Da na karɓi motar na tarar da maiƙo a sitiyari, ɗaya daga cikin maɗauran akwatin matatar iska kuma a buɗe, aikin yara ne da ba a bi bayansa ba. Na nuna masa, ya kira yaron ya rufe a gabana, ya ba ni haƙuri.

Duk da haka zan koma, kuma na riga na tura mutum biyu. Wanda zai je da irin wannan matsalar ya lura da inda warin yake fitowa da tsawon lokacin da yake ɗauka, ya shirya barin motar ta kwana, kafin nan kuma kada ya tayar da ita a rufaffen wuri ko kusa da wuta.

Yau mako uku ke nan. A safiyar farko na buɗe iskar waje, na ƙure fanka, na zauna minti goma ina jira, ban ji komai ba. Idan na zagaya baya nakan ji ɗan kaifin hayaƙin nan na farkon tashi, kafin minti biyu ya wuce. Farar takarda tana nan a aljihun ƙofa, ranar Asabar da ta wuce na sake manna ta a wuyan injektocin huɗu kafin in kunna, duka suka fito a bushe.