Zoom, WhatsApp, Telegram ko Google Classroom: Wanne Ya Dace da Malami a Katsina?

Tun da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, malamai da dama a Katsina suka rungumi koyarwa ta waya, musamman masu lesin JAMB da WAEC da malaman Islamiyya. Kafin malami ya zaɓi manhaja ko ya biya kuɗin wata, ya kamata ya fara duba wayar da ke hannun ɗalibinsa mafi ƙarancin hali, domin sau da yawa wayar ta mahaifiya ce ko ta yaya, ba ta isowa hannun yaro sai bayan sallar isha, kuma datar cikinta ta kwana ɗaya ce. Lamarin ya ƙara tsanani bayan da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a watan Janairun 2025.

Zoom da Google Meet su ne suka fi kama da aji na gaske, saboda malami yana ganin ɗalibai, su kuma suna tambaya nan take. Dukansu suna ɗaukar mutum 100 kyauta, sai dai Zoom yana katse darasi bayan minti 40, Meet kuwa yana kaiwa minti 60. Babbar matsalarsu ita ce cin data, domin awa ɗaya da bidiyo a kunne tana iya kusantar gigabait guda, sannan ɗalibin da ke ƙauyen Batsari ko Jibiya, da zarar sabis ya yi rauni, abin da ya wuce shi ya wuce ke nan. A ganina, biyan kuɗin Zoom duk wata bai dace da ƙaramin malami ba. Ya isa a yi zama ɗaya a mako don amsa tambayoyi, kowa ya kashe kyamararsa.

WhatsApp ne kusan kowa yake da shi, ba sai an koya wa iyaye ba, kuma zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024. Ƙarfinsa yana cikin saƙon murya, wanda na minti goma bai wuce 'yan megabait ba, kuma ɗalibi yana iya saurarensa sau uku ko huɗu a lokacin da ya samu sarari. Ga malamin tajwidi wannan babbar dama ce: ya karanta aya biyar, ɗaliba ta biya ta turo, shi kuma ya saurara ya ce mata ta gyara mafitar harafi kaza, ba tare da ta ji kunyar 'yan aji ba. Aibinsa shi ne hayaniya, domin idan aka bar zauren a buɗe, gaisuwar Juma'a da sanarwar biki sukan binne darasi. Maganin haka shi ne a buɗe zaure biyu, ɗaya malami kaɗai ke turawa, ɗaya na tambayoyi.

Telegram ya fi WhatsApp tsari. Zaurensa yana kai mutum 200,000, darussa suna zama a ajiye ko da an canza waya, wanda ya shigo a makare yana iya ganin abin da ya gabata idan malami ya ba da dama, kuma akwai hanyar yin gajeriyar jarrabawa mai zaɓin amsa. Wanda ɗalibansa manya ne masu wayar kansu, shi ya fi dacewa da shi, amma ga yaran da ke aron waya, sauke sabuwar manhaja a wayar da ta riga ta cika wani aiki ne.

Google Classroom, wanda ya fito a 2014, ya fi amfani wajen karɓar aikin gida da ajiye maki, sai dai dole kowane ɗalibi ya mallaki adireshin imel. Moodle kuwa, wani dandalin koyarwa ta intanet, yana buƙatar ma'aikacin da zai kula da shi, don haka ya fi dacewa da manyan makarantu. Wanda ke neman darussan da aka riga aka shirya ya duba Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, kyauta ne kuma yana da darussa da Hausa, kafin ya biya kuɗin manhajar darussa ta uLesson.

Idan akwai ɗan kuɗin kashewa, gara a zuba shi a kayan aiki. Ƙaramin makirufo mai maƙalewa a wuyan riga yana rage ƙarar janareto da ta babura, fawa banki kuma yana hana darasi tsayawa idan aka ɗauke wuta. Malamin lissafi yana buƙatar abin riƙe waya da zai sa kyamara ta kalli farar takarda daga sama, ya rubuta da baƙar maka mai kauri, ya kuma taƙaita kowane bidiyo kada ya wuce minti biyar, domin ya sauka a wayar ɗalibi ko da sabis bai da ƙarfi.