Yaron ya ceto min aikin shekara huɗu, maigidansa ya sayar min da tsohon kaya

Ina tsakiyar buga wa wata ɗaliba babi na uku na furojet ɗinta, da yammacin wata Litinin, aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take da wani irin ƙarfi, har ƙwan shagon ya yi fau kamar zai fashe. Kwamfuta ta mutu. Na ɗauka abin da aka saba ne, na ba yarinyar haƙuri na ce ta dawo gobe. Washegari da safe na danna maɓalli, fanka ta ɗan motsa kamar za ta juya, ta tsaya cak, maɓallin ya yi ƙyaftawar ruwan lemo, shi ke nan. Na sake dannawa ya fi sau ashirin, abu ɗaya.

Dell OptiPlex 7010 ce, mai tsayin nan, Beljiyam na saye ta shekara huɗu da suka wuce, kuma ita ce jarin shagon kacokan. Duk wanda yake sana'ar buga takardu a gefen Kabuga a Kano ya san abin da ake nufi da a ce kwamfutarka ta kwanta a lokacin da 'yan ajin ƙarshe ke rububin kai aiki wajen malamansu. Furojet ɗin mutum goma sha ɗaya na ciki, wasu ma sun karɓe rubutun hannunsu sun tafi da shi, ga samfurin katin biki da na takardun makarantu da na tara tun buɗe shagon. Ba ni da kwafin ko ɗaya a wani wuri, wannan kuwa sakacina ne, kuma na ji a jikina.

Na yi duk abin da na sani. Na canza wayar wuta da ta firinta, na canza soket, na zare komai na danne maɓallin na rabin minti, na cire RAM na goge bakinta da abin goge fensir na mayar, har ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, na saya na canza. Babu labari. Wani mai gyara da ke kusa da mu ya leƙo, ko murfin bai buɗe ba ya ce madabod, wato babban allon da komai na cikin kwamfuta ke haɗe da shi, ta ƙone, in kawo kuɗi ya nemo wata. Hankalina bai kwanta da shi ba, sai na naɗe ta a bargo na tari adaidaita sahu zuwa Beirut Road, wani shago da abokina ya taɓa yi min kwatance.

Maigidan shagon ba ya nan lokacin da na isa. Wani yaro na tarar, da wuya ya haura ashirin da biyu, yana zaune kan benci da mitar auna wuta a gabansa. Da na gan shi gabana ya ɗan faɗi, don na so a ce babba ne zai taɓa min ita. Ya gaishe ni da ladabi ya ce, "Baba, kafin in taɓa, faɗa min yadda ta yi a ƙarshe." Na ba shi labari tun daga hasken ƙwai har motsin fanka. Da na zo kan fankar sai ya ɗaga kai ya ce in maimaita. Ya ce in dai fanka tana yunƙurawa sannan ta tsaya, to wuta na shiga, akwai dai abin da ke sa fawa-fak ɗin, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, ta kashe kanta.

Ya juya bayan kwamfutar ya nuna min wani ɗan maɓalli baƙi a jikin fawa-fak, da 'yar fitila kusa da shi. Shekara huɗu ina share ƙurar wurin nan ban taɓa sanin amfaninsa ba. Ya ce Dell ne suka sa shi don fawa-fak ta gwada kanta. Ya danna, fitilar ba ta kama ba. Ni har na ce to ai ga matsalar nan, a canza ta mu huta. Ya ce, "A'a Baba, ba a yanke mata hukunci tukuna, sai an raba ta da kowa." Ya buɗe murfi, ya zare babbar wayar nan mai baki 24 daga madabod, ya zare 'yar ƙaramar mai baki huɗu, ya zare ta had-disk, wato ma'ajiyar fayiloli, da ta DVD, ya bar fawa-fak ita kaɗai. Ya sake dannawa. Fitila ta kawo kore shar, fanka ta hau juyawa. Wallahi sai da na miƙe tsaye.

Daga nan ya shiga mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, kowacce ya mayar sai ya danna maɓallin. Ya mayar da na madabod, kore. Madabod ɗin da aka ce min ta ƙone ke nan. Ya mayar da ta DVD, kore. Yana soka ta had-disk, fitila ta ƙi. Ya zare, ta kawo. Ya soka, ta ƙi. Ya dube ni ya ce, "Ga mai laifin nan."

A nan ne jikina ya yi sanyi fiye da lokacin da aka ce madabod ce, domin madabod kuɗi ne kawai, had-disk kuwa amanar mutane ce a ciki. Ina jin ya ga yadda fuskata ta canza, sai ya ce in zauna, bai ce ta mutu ba. Ya kwance ta, ya kifa ta a kan wani tsumma, ya kwance ɗan koren allon da ke ƙasanta, ya nuna min wasu ƙananan abubuwa baƙaƙe guda biyu dab da inda wayar wuta ke shiga, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ya ce diyod ne, ɗaya na tsaron layin bolt 5, ɗaya na layin bolt 12. Aikinsu shi ne in wuta ta zo fiye da ƙima su haɗe ta da ƙasa, su ƙone a madadin sauran allon. To in ɗaya ya ƙone a haɗe yake zama, ita kuma fawa-fak da ta ji an haɗe mata layi sai ta ɗauke wuta don kare kanta, shi ya sa kwamfutar gaba ɗaya ta ƙi tashi. Ya ɗora bakin mita a kan na farko, shiru. Ya ɗora a kan na 12, mita ta yi ƙara ɗiii, ya juya wayoyin, ta sake yi.

Bai ɓoye min komai ba. Ya ce zai cire wanda ya ƙone, in Allah ya sa barnar ba ta wuce nan ba had-disk ɗin za ta tashi, amma ba ta da sauran kariya a wannan layin, don haka a kwashe abin da ke ciki nan take, kada in ci gaba da dogara da ita. Ya kuma ce in ta wuce nan, to aikin ya fi ƙarfinsa, ba zai karɓi kuɗina a kan abin da ba zai iya ba. Na ce bismillah. Ya ɗauki ƙarfen dalma, hannunsa ko rawa ba ya yi, cikin minti biyu ya ɗago ɗan abin ya ajiye min a tafin hannu. Kafin ya haɗa sai da ya auna rawayar waya da jar waya na fawa-fak ya tabbatar 12 da 5 suke bayarwa. Ya haɗa, ya danna. Na kara kunnena na ji tana juyawa, sannan tambarin Dell ya fito a allo. Na ga fayil ɗin yarinyar nan, babi na uku, daidai inda Word ya adana shi. Ban san lokacin da na kama hannunsa ina sa masa albarka ba.

Da a nan aka tsaya, da babu shagon da zan riƙa tura mutane sai wannan. Amma ana cikin kwashe fayiloli maigidan ya dawo, kuma tun daga nan zance ya canza.

Da farko ya so in bar ta in ɗauki wata a shagonsa, wai tunda Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, ita kuma wannan ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Maganar gaskiya ce, amma ba ita ta kawo ni ba, na ce masa aljihuna bai kai ba. Sai ya ce to in sa SSD, wata irin ma'ajiya da ta fi had-disk sauri, maimakon in sake sayen had-disk, ya ɗauko wata mai 256GB a kwalinta. Na tambaye shi baki da baki, "Alhaji, sabuwa ce?" Ya ce, "Sabuwa dal, Malam." Kuma kuɗin sabuwa na biya, ban nemi ragin kirki ba saboda farin cikin da nake ciki. Ya ce in dawo gobe an gama sa Windows. Na dawo gobe, ba a taɓa ba. Jibi ma sai da na zauna awa biyu. Kwana biyu ke nan ɗalibai na zarya a ƙofar shagona. Da na kai ta gida kuma na tarar ba a mayar da wayar DVD ba, kuma ba yaron ne ya rufe ta ba, wani ne daban.

Duk wannan na haƙura, don kwamfutar ta yi saurin da ban taɓa gani ba, kafin in ajiye jakata ta gama buɗewa. Bayan kamar mako biyu wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta da nake yi wa aiki ya sa min wata manhaja, CrystalDiskInfo, ya ce in riƙa duba lafiyar abin ajiyata da ita tunda na taɓa ƙonuwa. Muna buɗewa ya yi shiru, sannan ya nuna min wani layi da yatsa. SSD ɗin da aka ce min sabuwa dal ta yi aiki sama da awa 11,000. Mun lissafa tare, ya haura shekara guda cur tana kunne dare da rana a hannun wani.

Na koma da hoton a wayata. Alhajin ya duba ya ce ai haka suke zuwa, shi ma a kwali ya saye su, kuma tunda tana aiki mene ne na damuwa. Na ce damuwata ita ce na tambaye ka ka amsa min. Ya jawo rasit ya nuna min babu inda aka rubuta sabuwa, kuma da gaske babu, SSD 256 kawai aka rubuta. Bai yarda ya canza ba, bai yarda ya mayar da bambancin kuɗin ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yaron na zaune a wurin, kansa a sunkuye kan wata madabod, kunya ta hana shi ɗagowa. Mutumin da ya ce ba zai karɓi kuɗina a kan abin da ba zai iya ba, a shagon nan yake, a ƙarƙashin wannan maigida.

Don haka in aka tambaye ni ko a kai gyara can, amsata biyu ce. In kwamfutarka ta ƙi tashi, musamman in akwai abin da kake tsoron rasawa a ciki, ka je ka nemi yaron da ke zama a bencin ciki, ka tsaya a kansa har ya gama, ka kuma ba shi wani abu a hannunsa ban da kuɗin shago, don na lura abin da ke isa gare shi bai taka kara ya karya ba. Kaya kuwa, ko wayar wuta ce, ni dai ba zan ƙara saye a wurin ba. Wanda ya ga dole ne, ya sa a rubuta masa sabo a rasit, a kuma buɗe manhajar nan a gabansa kafin ya miƙa kuɗi.

Yanzu na sa sitabilaiza, ina tara kuɗin UPS mai riƙe wuta in an ɗauke, kuma duk yamma kafin in rufe shago sai na kwashe aikin ranar a filashi biyu. Tsohuwar had-disk ɗin tana cikin durowa a naɗe da leda, ɗan diyod ɗin da ya ƙone kuma na manne shi da salatif a jikinta.